Ɗan Farin da Ba a Ƙirga Ba

A tashar Kankara, wata tsohuwa da wata matashiya suna jiran motar Faskari ta cika.

"Inna, lafiya kike ta ajiyar zuciya?"

"Ke dai bari, ɗiyata. Daga wajen 'yan wata ƙungiyar taimakon marasa lafiya nike. Likitoci sun ba su shawara, wai kansar ciki akwai ta gado, duk gidan da ta ci mutum uku a gwada jinin sauran. Da suka tambaye ni na ce biyu, maigidana da autana. Sai suka ce jikokina su dakata tukuna."

"To, biyun ne?"

"Akwai wancan, shi ma ita ta ci shi. Na farin."

"Ɗan farinki? Mi ya hana ki faɗa?"

"Haba! A gaban maza in buɗe baki in ce ɗana? Har ya koma ga Allah ban taɓa kama sunansa ba. Ko ranar da aka fita da shi ban yi kuka cikin mutane ba."

"Inna, kunyar nan jikokinki za ta cuta. Tashi mu koma, ni zan faɗa masu. Mi sunansa?"

Tsohuwa ta miƙe ta gyara mayafinta.

"Maharazu," ta ce a hankali. "Ashe haka yake da daɗi a baki."