Kwalli a Hannun Riga

A wani kantin tufafi a Alƙahira, wata mata ta dire leda gaban mai jiran kanti.

"Karɓi rigarku! 'Yata ko gwadawa ba ta yi ba."

"Hajiya, ki ji tsoron Allah. Ga ƙamshin turare, ga kwalli a hannun riga. Idan na karɓa, maigidana korata zai yi."

"Ni za ki ƙaryata? Sa'ar uwarki?"

"Ni dai na san an sha bikin baiko da ita."

"Wane biki? Awa uku yarinyar nan tana zaune cikinta, gida cike da baƙi, saurayin ko ƙeyarsa ba mu gani ba! Da me kike so ta share hawaye?"

Mai jiran kantin ta jawo mata kujera.