Kujera Biyu a Jikin Labule

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma shugaban wannan taro, Alhaji Badaruddeen, Allah ya ƙara girma. Iyayenmu dagatai da masu unguwanni, ranku ya daɗe. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Shugabar ƙungiyar mata, Hajiya Ikilima. Baƙinmu da suka taso daga Kabo da Jama'a da cikin garin Gwarzo. Matasan Madadi da suka gina wannan zauren kallon ƙwallo da guminsu. Maza da mata, manya da ƙanana, ina gaishe ku gaisuwar girma, ina yi muku barka da zuwa, da fatan kun baro gida lafiya.

Ina godiya ga Allah da ya nuna mana wannan rana, ina kuma godiya ga kwamiti da ya ba tsohuwa irina damar tsayawa a gabanku. Sunana Furera, kuna ce mini Gwaggo. Na san wasu na tambayar kansu, me ya haɗa mai dama fura da ƙwallon ƙafa? Ni ma bara war haka da an faɗa mini, da na ce a kai mai faɗin asibiti. Maganata uku ce: yadda na shiga, abin da na gani, da abin da na zo roƙo.

Ta farko. Shekara arba'in da ɗaya ke nan ina auren mutumin can mai farar hula da baƙin tabarau. Sunansa ba ya fita a bakina, kun san al'adarmu, amma dattawan nan sun san shi da Katangar Madadi, domin shi ne mai tsaron bayan ƙungiyar garin nan a zamaninsa. A duk shekarun nan, har zuwa bara, ban taɓa kallon wasa ɗaya ba. Ni a wurina ƙwallo ita ce abin da ke sa tuwo ya huce, ita ce abin da ke dawo mini da miji da targaɗe.

Shekara biyu da suka wuce Allah ya jarrabe shi da ciwon ido, likita ya ce ganin ba zai dawo ba. Daga ranar Malam ya shiga ɗaki. Ya daina zama a ƙofar gida, ya daina hira, abinci sai ya taɓa ya ture. Abokinsa Alhaji Baƙo na Kabo, ɗan gaban da suka shekara goma suna karawa a fili, sau uku yana zuwa dubiya, sau uku Malam yana cewa a ce yana barci. Na ji tsoro, jama'a, na faɗa muku gaskiya. Mutum yana numfashi a gabana, amma ina gani yana tafiya.

Ɗanmu Jibirin ya aiko da talabijin da sola daga Kano, ko sautin wasa zai ɗebe masa kewa. Bai yi minti goma ba ya ce a kashe. Na ce, "Malam, ai mai sharhin yana faɗa maka komai." Ya ce, "Ƙwallo kawai yake bi. Mutum ɗaya ke riƙe da ƙwallo, sauran ashirin da ɗayan fa, ina suke? Ni wasan da na sani a can yake." Ya juya fuskarsa bango.

Washegari na kira surukata Bushira, matar Jibirin da ke zaune tare da mu, wadda ta san wasan tun tana makaranta. Na ajiye kunyar surukuta a gefe, na ce ta koya mini. Ta ɗauko faifai, ta jera ƙwayar wake goma sha ɗaya, ta jera ta masara goma sha ɗaya, tsakuwa ta zama ƙwallo. Sati uku muna fama. Satar gida kaɗai ta ci mana kwana tara, kuma sau biyu kaza tana cinye mini mai tsaron raga.

Ta biyu, abin da na gani. Ranar da na fara zama gaban talabijin ɗin nan da la'asar, Malam yana kwance a gefe, wallahi na ga abin mamaki. Na ga taron da ban taɓa zaton ana yinsa a wajen aikin Hajji ba, dubbai a kan dubbai, su yi shiru lokaci guda, su ɗauki ihu lokaci guda. Na ga mutum huɗu a baya suna takawa gaba tare, suna ja da baya tare, babu mai kira, babu mai sanda. Na ga wani ya buga ƙwallo inda babu kowa, har na buɗe baki zan ce ya yi ɓarna, sai ga ɗan'uwansa ya iso wurin daidai da isowarta. Yaya ya san zai zo? Yaya wancan ya san za a aiko? Yarensu ba ɗaya ba, ƙasarsu ba ɗaya ba, amma zuciyar wannan ta san ƙafar wancan. Na ce tsarki ya tabbata ga Allah da ya sanya wannan fahimta tsakanin bayinsa.

Ni kuwa a ruga na tashi, bayan shanun mahaifina. Abin da aka fara koya mini shi ne kada in kalli saniyar da ke gaba, ita ta san hanya. Ta baya ake kallo, da ta gefe, da wadda ta fara jan ƙafa. Idona bai san wani kallo ba sai wannan, don haka ƙwallo tana can, ni ina nan ina duban waɗanda ba su da ita. Bayan hutun rabin lokaci na ce, "Malam, dogon nan na hagu a cikin masu jar riga ya gaji. In ya tafi gaba ba ya dawowa da wuri." Sai ya ce, "Na kusa da shi yana rufe masa?" Na ce, "A'a, hankalinsa na tsakiya." Ya ce, "To ta nan za a ci su."

Ba a yi minti biyar ba aka ci su, kuma ta nan ɗin. Malam ya tashi zaune, ya buga cinyarsa, ya ce, "Ban faɗa ba!" Sannan ya ce, "Furera, akwai sauran tuwon nan?" Na fita madafa na yi kukana, na share ido, na kawo masa. Tun daga ranar babu wasan da ya wuce mu. Ni ce idonsa, shi ne malamina, kuma in na kuskure yana yi mini faɗa kamar ɗan wasansa.

Ta uku, roƙona. Gasar cin kofin duniya ta ƙarato, a wannan zaure garin nan zai kalle ta. Kwamiti ya raba wurin da labule, maza a gaba, mata a baya, kuma ban zo jayayya da wannan ba, tsari ne mai kyau. Amma an ba dattawa layin farko, kusa da allo, inda muryata ba za ta kai ba. Malam ya ce in ba zai ji ni ba, ɗakinsa ya fi masa. Ni kuwa ba na so ya koma ɗakin nan. Ina roƙon kujera biyu kawai, ɗaya a gaban labule, ɗaya a bayansa, yadda zan riƙa yi masa magana a kunne. Matasa kuma, in kun ji tsohuwa tana surutu ana tsakiyar wasa, ku yi haƙuri, aiki take yi.

Yau ce ranar farko cikin shekara biyu da ya taka ƙofar gida. Da muka shigo ya tambaye ni su wa suka zo, na ce ya bari sai na hau nan, na fi ganin fili. To Malam, saurara. Zaure ya cika har waje. Shugaba yana gyaɗa kai, Hajiya Ikilima tana share hawaye. Matasa biyu sun ɗauki kujera sun nufi labule. Amma ka kula da hagunka. Alhaji Baƙo na Kabo ya baro wurinsa, yana tafe da sandarsa, ya wuce layi na biyu, kuma babu mai tsaronsa. Shekara goma ba ka bar shi ya wuce ka ba. Ga shi nan ya iso, miƙa hannunka.

Alhamdu lillahi. Allah ya albarkaci wannan zaure, ya sa a yi kallo lafiya a tashi lafiya, ba faɗa ba gaba. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba mu damina mai albarka, ya raya mana zuri'a, ya mayar da baƙinmu gidajensu cikin aminci.

Na gode.