Shaidar da Na Bayar Ta Dawo Mini

Assalamu alaikum, Malama mai gabatarwa. Ni ɗaliba ce a Jami'ar Ainu Shams, Alƙahira. Maƙwabcinmu ya doki matarsa har ya karya mata hannu, sai na ba 'yan sanda shaida fisabilillahi. Na faɗi sunana da gidan da nake, na ɗauka sirri ne.

Jiya ƙanin mutumin ya tare ni a tashar jirgin ƙasa na metro da kwafin takardar shaidar da na bayar. Ya ce, "Lauyanmu ya karɓo, haƙƙinmu ne. Hawa na uku kike, ko?"

Jama'a, in tashi daga gidan ne, ko in koma wajen 'yan sandan? Sunana kuwa, Malama, don Allah kada ki karanta shi.