Takardar da Na Ji Kunyar Roƙa

Jama'ar Ubangiji, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu. Halleluya!

Sunana Rifkatu, amma a nan Maman Alheri kuka fi sani. Kun kuma san Alheri tana fama da ciwon sikila tun tana goye. Yau zan ba da shaida, sai dai ku yi haƙuri da ni, don har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci, kuma da kaina nake fushin.

Shekara shida na yi ina buga takardu a wani ƙaramin ofishi a Magama, inda ake shirya wa motocin kaya takardun ƙetare iyaka. Mu biyar ne kacal. Mai ofishin, wani dattijo da muke kira Alhaji, shi ya sa mu duka a inshorar lafiya. Da katin nan Alheri take samun magani, da shi ake ƙara mata jini in ciwon ya tashi.

Da aka rufe iyaka, motoci suka tsaya cak, mu ma muka zauna muna kallon juna. Na ga zaman ya isa, na ce wa Alhaji zan koma ɗinki. Ya sa mini albarka, ya ce, "Ki tahi, ɗiyata. Katin ɗiyarki yana nan, kar ki damu."

Na durƙusa na yi godiya, na fito. Ban tambayi komai ba!

Bayan makonni kaɗan ciwon Alheri ya tashi, ƙafafunta kamar ana sara. Na kai ta asibiti na miƙa kati. Ma'aikaciyar ta duba kwamfuta ta ce, "Madam, an cire sunanku." Na ce ta sake dubawa. Ta sake, ta turo mini katin ba ta ko ɗago kai ba. Ranar keken ɗinkina na jinginar aka yi wa yarinyar nan magani.

Na hau mota zuwa Katsina, ofishin masu inshora. Na yini a kan benci. Wannan ya tura ni wurin wancan, wancan ya ce mai sa hannu ya fita. Da yamma wani saurayi ma'aikacinsu ya ce zan iya ci gaba da katin ina biya da kaina, amma sai na kawo takardar barin aiki daga hannun mai ofishinmu. In wa'adi ya wuce, sabuwar rajista ce, kuma sai an yi watanni kafin su ɗauki ciwon da ake da shi tun da. Saura kwana shida.

Na ce masa, "Ai Alhaji ya faɗa da bakinsa!" Ya ce, "Mama, baki ba ya shiga fayil."

'Yan'uwa, kun san yadda muke a garin nan. Dattijo ya ba ka magana, ka koma ka ce ya rubuta? Ai ka ƙaryata shi ke nan. Sau biyu ina zuwa har ƙofar ofishin, in hango hularsa, in juya. Kwana huɗu suka tafi a haka. Na yi fushi da masu inshora, na yi fushi da Alhaji, har Allah ma na yi wa gunaguni. Ubangiji ya gafarta mini.

Ranar Laraba na zo addu'ar zumuntar mata, bakina ya ƙi waƙa. Na durƙusa can baya na ce, "Yesu, na gaji! Ka buɗe mini hanya!" Ina cikin kuka sai na ji a zuciyata sarai: hanya a buɗe take, kunyarki ce ta tare ƙofa. Na ga kaina tsirara. Ashe na fifita mutuncina a idon Alhaji a kan jinin 'yata!

Washegari na shiga ofishin Alhaji. Muka gaisa, na sunkuyar da kai na faɗa masa duk abin da ya faru.

Alhaji ya yi salati. Ya ce shi kam ya ɗauka kati kati ne, tunda yana hannuna yana aiki. Sai ya jawo durowa ya fito da wata ambulan, da sunana a kai. Tun ranar da na tafi akawunmu ya buga takardar, Alhaji ya sa hannu.

Na ce, "Alhaji, to me ya sa ba a ba ni ba?"

Ya ce, "Ɗiyata, kunya ta hana ni. In miƙa miki takardar sallama, kamar na kore ki? Ke kuma mi ya hana ki tambaya?"

Na rasa dariya zan yi ko kuka. Makonni takardar nan tana kwance a durowa, ni ina jin nauyinsa, shi yana jin nauyina, yarinya tana murƙususu a tsakaninmu.

Ranar ƙarshe ta wa'adi na miƙa ta a Katsina. An dawo da sunan Alheri! Yabo ga Ubangiji!

Na gode wa Yesu da ya kwance mini baki. Ku dogara gare shi, 'yan'uwa, kuma in ya ce ku tashi ku tambaya, ku tashi. Duk mai barin aiki, kada ya fita ƙofa sai da takardarsa a hannu. Ga Alheri can a layin mawaƙa, ku dube ta da kyau. Saura kwana ɗaya kunyata ta raba ta da maganinta.

Ubangiji ya karɓi ɗaukaka. Amin.