Horo na Goma Sha Ɗaya

A bencin ofishin lafiya, wata budurwa rungume da sabon fayil ta matsa wa wata dattijuwa mai koɗaɗɗiyar rigar 'yan riga-kafi.

"Mama, ke ma horon kika zo?"

"Na sha ɗaya ke nan, 'yata."

"Sha ɗaya! Ai ke kin zama babba a aikin."

"Babbar 'yar sa-kai ba. Shekara ashirin da huɗu ina bi gida-gida, karnukan unguwa ma sun daina yi min haushi."

"Amma an ce mana masu takardar horo ake fara ɗauka aiki."

"Mu ma haka aka ce mana. Na zo da ƙuruciyata, suka ce sai na goge. Da na goge, suka ce shekaruna sun wuce."

Wata matashiyar jami'a ta leƙo ta ce a shigo. Dattijuwar ta nuna ta da baki.

"Kin ga malamar da za ta koya mana ɗiga wa jariri magani? Ni na ɗiga mata, tana goye a bayan uwarta."

Budurwar ta ƙara ƙanƙame fayil ɗinta. Dattijuwar ta dafa gwiwa ta miƙe, ta dubi fayil ɗin.

"Wannan ya yi miki ƙarami, 'yata. Ki nemi babba, takardun horo za su taru."