Tailanci a Ƙarƙashin Faifai

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Shugaban wanga taro, mai girma magajin gari, wakilin Mai Martaba Mayaƙin Kurfai, malamanmu na masallaci da na lakwal, wato makarantar boko, iyayenmu da sunka taso tun daga Tabla da Damana da Bonkuku, 'yan kasuwa masu hanyar Bankok, da ku ɗiyana da za ku amshi takardun shaida yau, ina gaishe ku gaisuwar girma, babba da yaro.

Ina gode wa Allah da ya nuna muna wagga rana, ina gode wa shugabannin wagga cibiya ta koyon bugun mashin da sunka ga tsohuwa irina ta isa tsayawa gaban jama'a. Wanda bai san ni ba, sunana Mairama. Na yi aikin sakatariya a ofishin kumandan tun zamanin soja, lokacin da kuskuren harafi guda kan sa a maido maka da takarda ka sake ta tun daga bisa. An ce in yi magana kan gardamar da ta raba kawunan malamanku: samarinmu masu zuwa sayayya ƙasar Tailan suna son koyon buga rubutun mutanen can a ordinatar, wato kwamfuta, to da wane jerin maɓallai za a koya musu? Maganata uku ce.

Ta farko, ku san abin da ke akwai. Baƙaƙen Tailanci sun haura arba'in, wasulansu kuwa ba su zaune wuri guda: wani bisa, wani ƙasa, wani gaba, wani baya. Jerin da anka yi musu iri-iri ne. Akwai na 'yan ƙasa, wanda za ka iske rubuce kan mashin ɗinsu na ofis da na shago. Akwai wani da su ma sunka ƙago don sauƙaƙa wa yatsu, amma mabiyansa kaɗan ne. Sannan akwai na baƙi 'yan waje irinmu, wanda ke aza kowane harafin Tailanci kan harafin boko mai kama da shi a kunne. Shi ne samarinmu ke so, don shi ne gajeriyar hanya. Ban ga laifinku ba, ni ma shi na fara ɗauka.

Ta biyu, ku ji abin da gajeriyar hanya ta jawo a garin nan. Da yawanku kun san Inna Dijatu ta Tabla, ga ta can zaune kan tabarma. Ɗanta Kailu ya bi 'yan kasuwa zuwa Bankok tun soja na mulki, ya yi aure can, ya haifi ɗiya ya sa mata Habsa, can kuma Allah ya karɓi abinsa. Yarinyar ta girma ba Hausa, ba Faransanci. An taɓa haɗa su da kakarta ta waya. Wagga ta yi kuka, waccan ta yi kuka, anka kashe. Ido kuwa ya fara yi wa Inna hazo. Ta same ni har gida ta ce: "Mairama, ke da kin san bugun mashin, ki kira mani ɗiyar Kailu in gan ta tun ina gani."

Alhaji Salisu, abokin marigayi, ya daɗe can, yana jin harshen, yana rubuta shi da biro, sai dai bai taɓa aza yatsa kan mashin ba, kuma hasken gilashin ordinatar na sa mai hawaye, ba ya iya duba shi. Ni kuwa ga yatsu, babu harshe. Sai munka haɗa gurgu da makaho. Anka sa muna jerin baƙi, shi yana faɗin sauti, ni ina dannawa, Inna na gefe tana ƙara gaisuwa. Munka aika wa Habsa saƙon ta intanet, munka yi ta murna.

Abin da ba mu lura ba shi ne, wanda ya tsara jerin nan mashin ɗin Ingilishi ke gabansa, mu kuwa na Faransa munka gada. Inda A take a namu, Q ce a nasu. Inda M take a nasu, waƙafi ne a namu. Ordinatar ba ta duba abin da anka rubuta kan maɓalli, wurin zamansa take bi. Duk inda na danna A, wani abu daban ya fita. Saƙon ya isa Bankok kamar hatsin da kaji sunka tona. Habsa ta ga sunan ubanta, da munka sa da boko, cikin shirme, daga ƙasar da ba ta sani ba, ta ɗauka 'yan damfara ne, ta yi shiru. Munka sake aikawa, ta toshe mu. Damina guda cur ta wuce, Inna na aiko yaro kowace kasuwar Lahadi ya tambaya ko an amsa. Wallahi na ƙi jinin Lahadi a shekarar nan.

Sai da wani ɗan kasuwa ya dawo daga can, munka buga masa takardar ya duba, ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan munka gane. Shi ya ba mu hoton jerin 'yan ƙasa. Alhaji Salisu ya rubuta haruffan da biro, na yayyanka, na liƙa kan maɓallai da ƙaro. Daga nan na koma ga tsohuwar dabara. Madan, malamar da ta koya muna daktilo, wato bugun mashin, takan kifa muna faifai bisa hannu, wanda ya leƙa ya sha dukan rula. Mun zage ta a ɓoye, Allah ya ji ƙanta. Amma ta sa yatsunmu sun san wuri, ba fenti ba, kuma jerin 'yan ƙasa wuri yake bi, babu ruwansa da Ingilishi ko Faransanci. Na kifa faifai, Alhaji na rubuta mani a takarda, ina bin siffa ɗaya bayan ɗaya, ina gwada abin da ya fito da abin da ya rubuta. Na sha wuya, ba zan ɓoye muku ba. Da furfurata na koma 'yar aji ɗaya. Munka aika ta wani adireshi, da hoton Kailu yana yaro. Habsa ta amsa a ranar.

Ta uku ita ce shawarata. Ku koya musu jerin 'yan ƙasa, ku kifa musu faifai. In ka je gari ka iske kowa da wutsiya, kai ma ka nemi tsumma ka ɗaura. Ranar da kunka shiga shagon wani a Bankok, mashin ɗinsa za ku iske, ba naku ba. Wanda kuma ya matsu sai ya yi da jerin baƙi, to ya fara duba don wane mashin anka yi shi, kuma kada ya aika layi guda sai mai karatun harshen ya gani da idonsa.

Kuna son sanin ƙarshen zancen. Habsa ta zo bayan kaka. Mun tarbe ta a tasha, munka kai ta Tabla. Amma cikin daminar nan ta shiru hazon ya gama rufe idon Inna. Ta jawo yarinyar, ta shafa goshi, ta shafa hanci, ta kama kunne ta riƙe, ta ce: "Kunnen Kailu na. Na gan ta." Da hannu ta gan ta, jama'a, alhali da ido ta roƙe ni. Gajeriyar hanya ta rage mani wahalar 'yan makonni, Inna ta biya da abin da ba ya dawowa.

Allah ya ji ƙan Kailu da dukkan magabatanmu. Allah ya ƙara wa Inna Dijatu haƙuri da lafiya. Allah ya sa albarka a yatsun ɗiyanmu, ya tsare matafiyanmu, ya ba mu damina mai kyau, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya maida kowa gidansa cikin aminci.

Na gode.