Kututturen da na ɗauke

Assalamu alaikum, mai gabatarwa. Ni ce Hajara daga Aliero, Jihar Kebbi. Ban taɓa gaya wa kowa ba, ni na nakasa yayana Sani.

Yana koyon gyaran katafila a kwaleji, aka turo su aikin hanyar Maiyama, ina kai musu abinci. Ya ɗaga bakin katafila, ya sa kututture a ƙarƙashi, ya tafi sallar azahar. Na zaci itacen banza ne, na kai wa Inna don girki. Da ya dawo ya zura hannu, ƙarfen ya sauko masa, yatsu uku suka tafi.

Malaminsu ya ce, "Sakarai! Da yatsa biyu za ka riƙe sifana? Koma gida ka noma albasa."

Ranar da za ku karanta wasiƙar nan, zan ajiye rediyo kusa da shi, in zauna.